Ana cin zalin ɗana a makaranta, in ce masa ya rama?

Tambaya: Ɗana shekararsa 12. Watanni ke nan wasu yara uku a ajinsu sun sa shi gaba. Sun laƙaba masa suna saboda ƙibarsa, suna ƙwace masa kuɗin tara, kwanan nan har riga suka yaga masa. Yanzu kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo. Mahaifinsa ya ce ya rama, namiji ba ya kawo ƙara. Malamin ajinsu kuma ya ce faɗan yara ne, zai haɗa su ya sasanta su. Wanne zan bi?

Amsa: Malama, sannu da wannan jarrabawa. Allah ya ba yaron lafiya, ya yaye masa damuwar. Amsata a gajarce ita ce kada ki bi ko ɗaya. Na san mahaifinsa da malamin duk alheri suke nufi, amma tushen maganarsu ɗaya ne, dukansu sun ɗauka faɗa ake yi. Abin da kika zayyana kuwa cin zali ne, kuma maganin wannan daban, na wancan daban.

Faɗa tsakanin sa'o'i ake yin sa. Yara biyu sun saɓa a kan ƙwallo ko wurin zama, wannan ya faɗa wancan ya mayar, yau wannan ya yi rinjaye gobe wancan, bayan kwana biyu a gan su tare kamar ba su ba. Cin zali ba haka yake tafiya ba. Masanin halayyar ɗan Adam Dan Olweus, ɗan ƙasar Suwidin da ya yi yawancin aikinsa a Jami'ar Bergen ta Norwe, shi ya fara nazarin matsalar a tsare tun farkon shekarun 1970. Ya ba da alamomi uku da har yau ake aiki da su: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma ƙarfi ba ɗaya ba ne, wanda ake yi wa ba shi da halin kare kansa. Ki auna labarin ɗanki da su. Uku a kan ɗaya, watanni ana abu ɗaya, kuma kullum shi ne a ƙasa. Ƙarfin ma ba sai na damtse ba. Yawan magoya baya ƙarfi ne, farin jini a aji ƙarfi ne, kaifin baki ƙarfi ne, haka riƙe wani sirri ko hoton yaro a waya. Shi ya sa yarinya siririya za ta iya hana aji guda yi wa wata magana har zango ya ƙare, ba ta ko taɓa jikinta ba.

Kuma ba ɗanki kaɗai ba ne. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna cewa kashi 32 cikin 100 na ɗalibai a duniya, wato kusan ɗaya cikin uku, an ci zalinsu aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci tambayar da aka yi musu. Dalilin da yaran suka fi ambata shi ne surar jiki, irin abin da aka kafa wa naki.

Batun sasanci shi ya fi tayar mini da hankali, domin a kunne yana da daɗi. Ki kwatanta zaman a ranki. Yaro ɗaya a gefe, uku a gefe, malami ya ce kowa ya faɗi abin da ya faru. Su ukun bakinsu ɗaya: wasa muke yi, shi ne ba ya son wasa. Shi kuma ya san da zarar an tashi daga ofishin da su zai koma aji, da su zai bi hanya. Me zai ce? Sai ya ce ya wuce. A sa kowa ya ba kowa haƙuri, a yi musabaha, malami ya tashi da murnar ya kashe wuta. Yaron kuwa ya fita da darasi biyu: ashe shi ma yana da laifi tunda an sa shi ba da haƙuri, kuma kai ƙara ba ya haifar da komai sai ƙarin duka a bayan aji. Wannan zama kamar a zaunar da kura da akuya ne a ce su fahimci juna. Sasanci yana da amfani sosai idan sa'o'i suka saɓa. Inda aka danne wani, sai an fara ɗaga masa abin da ya danne shi kafin a yi maganar shiri.

Yanzu maganar mahaifinsa. Ban raina ta ba. Tsoronsa shi ne kada ɗansa ya tashi kowa na taka shi, kuma tsoro ne na uba mai ƙauna. Sai dai ki duba abin da ake nema daga yaron. Da zai iya rama wa mutum uku, da ba su zaɓe shi ba tun farko, domin masu cin zali suna lalubo wanda suka tabbata ba zai iya ba. In ya gwada ya sha kashi a gaban jama'a, ya ba su labarin da za su yi wata guda suna maimaitawa. In kuma ya yi sa'a ya fasa wa ɗaya baki, shi malami zai gani, domin watannin da aka yi ana tsangwamarsa a ɓoye aka yi su, ramuwarsa kuwa a fili. Masu bincike a Kanada da suka ɗauki hotunan bidiyo na yara a filayen wasa da azuzuwa sun lura cewa mayar da zagi ko duka yakan tsawaita rikicin ne, ya ƙara masa zafi. Akwai kuma rukunin yaran da ake cin zalinsu su ma suna cin zalin wasu, kuma bincike ya sha nuna cewa su suka fi kowa shiga matsalar tunani da ta ɗabi'a daga baya.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne yadda yaron zai fassara maganar. Ya kasa ramawa, kuma yanzu ya san a idon babansa gazawa ce. Kunya ta ƙaru a kan kunya. Daga nan sai ya daina faɗa muku, ku ɗauka abin ya wuce.

Ban ce a koya masa tsayawa kamar gunki ana dukansa ba. In an kama shi, yana da haƙƙin ya fizge, ya tare duka, ya ɗaga murya, ya nufi inda manya suke. Kare kai ke nan. Ramuwa kuwa ita ce ya kwana yana shirya yadda zai huce, kuma a nan haɗarin yake. Yaron da ya san hannunsa ba zai iya ba, kuma an ce masa dole ya rama, ko dai ya nemi abin da zai riƙe a hannun, ko ya nemi gungun da za su tsaya masa. Ta wannan ƙofa wuƙa take shiga jakar makaranta, ta nan kuma yaro mai hankali yake faɗawa cikin 'yan daba, ba don yana son su ba sai don su kaɗai suka yi masa alkawarin kariya. A Amurka, bayan harin makarantar Columbine na 1999, hukumar tsaro ta Secret Service da ma'aikatar ilimi sun yi nazarin hare-hare 37 da ɗalibai suka kai makarantu. Rahotonsu na 2002 ya ce kashi 71 cikin 100 na maharan sun ji cewa an ci zalinsu, ko an tsangwame su, ko an yi musu barazana kafin harin. Kada wannan ya firgita ki, mafi yawan yaran da ake cin zalinsu ba sa cutar da kowa, kansu abin yake ci. Na kawo shi ne saboda wani adadi a rahoton: a kashi 81 cikin 100 na hare-haren, akwai wanda ya san da shirin tun kafin a aikata, galibi yara 'yan'uwansu. Sun sani, amma maganar ba ta kai ga babban da zai hana ba. Duk makarantar da ɗalibai suka yi imani cewa kai ƙara tsegumi ne ko ragwanci, ta toshe kunnenta da kanta.

To in ba ramuwa ba sasanci, sai me? Sai a duba waɗanda ba a ambata ba a tambayarki, wato sauran 'yan ajin.

Cin zali ba ya son kaɗaici. Binciken da Debra Pepler da Wendy Craig suka yi a makarantun firamare na Toronto ya gano cewa a kashi 85 cikin 100 na lokutan da aka ci zalin wani, akwai wasu yara a wurin suna kallo. Malamai kuwa a filin wasa a kashi 4 cikin 100 na lokutan kacal suka sa baki, domin yawanci ba su ma gani ba. Ga inda fatan yake: idan wani yaro ya sa baki, a kashi 57 cikin 100 na lokutan abin yakan tsaya cikin daƙiƙa 10. Farfesa Christina Salmivalli ta Jami'ar Turku a Finlan ta rarrabe matsayin 'yan aji a wani bincike na 1996. Akwai jagora, akwai mataimakansa masu riƙe masa yaro ko tare ƙofa, akwai 'yan zuga da ba sa taɓa kowa amma suna dariya suna taruwa, akwai masu kau da kai su ce ba ruwansu, sai 'yan ƙalilan masu tsaya wa wanda ake zalunta. Jagoran ba kuɗin tara yake nema ba. Girma yake nema a idon ajin, kuma dariyar nan ita ce ladansa. Mutane da yawa suna ɗauka mai cin zali yaro ne da ya raina kansa. Akwai irinsu, amma da yawa yara ne masu wayo da farin jini, sun san wanda za su taɓa, sun san lokacin da malami ya juya baya, sun kuma iya ladabi a gaban manya. Shi ya sa malami yakan rantse cewa wane ba zai aikata ba.

Yawancin 'yan kallon nan ba sa jin daɗin abin a ransu. Kowa na ganin kowa ya yi shiru, sai ya ɗauka shi kaɗai abin ke damu, ga tsoron kada a juyo kansa. Ɗanki kuma yana kallon fuskoki talatin ko arba'in, yana ɗauka duk sun yarda da abin da ake yi masa. Sau da yawa wannan shirun ya fi marin zafi a wurin yaro.

A kan wannan fahimta Finlan ta gina shirinta mai suna KiVa, wanda aka baza a makarantun ƙasar daga 2009. Ana koyar da aji gaba ɗaya yadda dariya da taruwa ke ciyar da cin zali, da hanyoyin taimako da ba sa jefa yaro cikin haɗari, kamar ƙin yin dariya, zama kusa da wanda aka ware, ko gaya wa malami. Idan aka kawo ƙara, wasu malamai da aka ware don wannan aiki su ke zama da wanda aka zalunta shi kaɗai, sannan su kira masu laifin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da zai canza, a kuma sake zama bayan mako ɗaya ko biyu a ga ko an daina. Malamin aji kuma ya nemi wasu yara masu kirki da ake jin maganarsu a ajin ya roƙe su su ja yaron a jiki. Norwe ta riga su farawa, kuma da tsada ta koya: a 1982 yara maza uku 'yan shekara 10 zuwa 14 suka kashe kansu a arewacin ƙasar bayan tsananin cin zali, a 1983 gwamnati ta ƙaddamar da gangami na ƙasa baki ɗaya. Shirin da Olweus ya gwada a makarantu 42 na Bergen ya rage matsalar da kusan rabi. A wasu ƙasashe ba a kai haka ba. Da Maria Ttofi da David Farrington suka tattara sakamakon shirye-shirye da dama a 2011, sun samu raguwar kashi 20 zuwa 23 cikin 100 a matsakaici. Abubuwan da suka fi tasiri kuwa ba masu wuya ba ne: sa ido sosai a filin wasa, ƙa'idoji bayyanannu da ake aiki da su, horar da malamai, da zama da iyaye.

Ga abin da nake ba ki shawara ki yi. Ki fara da yaron, a lokacin da babu kowa, ba kuma da sigar tuhuma ba. Kada ki tambaye shi me ya yi musu. Ki ce masa kin yarda da maganarsa, ba laifinsa ba ne, kuma ya kyauta da ya faɗa. Ki tambaye shi a ina abin ya fi faruwa, da wane lokaci, su wa ke wurin, akwai wanda ya taɓa tsaya masa, wane malami ya fi sakin jiki da shi. Kada ki yi masa alkawarin ba za ki gaya wa kowa ba, amma ki yi masa alkawarin ba za ki ɗauki mataki ba tare da ya sani ba. An daɗe ana yi masa abu ba da son ransa ba, kada taimakon ma ya zo masa a haka.

Sannan ki rubuta komai, rana da wuri da abin da aka yi da waɗanda suka gani. Ki ajiye rigar da aka yaga. In akwai saƙonnin zagi a waya, a ɗauki hotonsu kafin a toshe masu turowa, kuma kada a ƙwace wayar yaron a matsayin magani, domin zai ga shi aka hukunta, gobe ya ɓoye. Da wannan rubutu za ki koma makarantar, wannan karon wurin shugaba, ke da mahaifinsa tare. Ku je da sanyin murya amma da buƙatu a fayyace: a zauna da yaran uku ɗaya bayan ɗaya ba tare da ɗanku a wurin ba, kada a ce shi ya kawo ƙara, a sanar da iyayensu ta hannun makaranta, a sa babba a wuraren da ya ambata, a ba shi malami ɗaya da zai riƙa zuwa wurinsa kai tsaye, a kuma sa ranar da za ku dawo a duba inda aka kwana. Wannan ta ƙarshe ita ake yawan mantawa, kuma ita ce ke bambanta makarantar da ta ɗauki mataki da wadda ta lallashe ku kawai. Ban ba ki shawarar ki tari yaran da kanki ko ki je gidajensu cikin fushi ba. Kowane uba ɗansa zai kare, rigimar ta koma ta manya, yaron ya biya kuɗinta a aji.

Ki kuma nema masa aboki. Ko ɗaya ne. An tabbatar cewa yaron da ke da amini guda ba a cika sa shi gaba ba, in ma an yi, raunin bai kai na wanda yake shi kaɗai ba. In akwai wanda ya ambata da alheri, ki buɗe musu hanyar haɗuwa a wajen makaranta. In yana da wani abu da ya iya, wasa ne ko zane ko karatu ko aikin hannu, a kai shi inda za a san shi da wannan, ba da sunan da aka laƙaba masa ba. A nan mahaifinsa yake da babban aiki. Ya zauna da shi su gwada yadda zai tsaya, ya ɗaga kai, ya kalli mutum a ido, ya ce "ka daina" da murya mai ƙarfi ya wuce abinsa. Wannan ba ya maye gurbin aikin makaranta, amma yana mayar wa yaro da wani abu na ƙarfin zuciyarsa, kuma daga bakin uba ya fi shiga.

Ciwon cikin nan kada ki ɗauke shi ƙarya. Fargaba tana sauka a jiki, ta zama ciwon ciki, ciwon kai, rashin barci, wani lokaci har fitsarin kwance ga yaron da ya daɗe da dainawa. A kai shi likita ya duba, a kuma gaya wa likitan abin da ke faruwa. Masu cewa kowa da haka ya girma ba su bi sawun waɗanda abin ya raunata ba. A Birtaniya an bi rayuwar yara 7,771 da aka haifa a mako guda na 1958, kuma sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa waɗanda aka riƙa cin zalinsu suna 'yan shekara 7 zuwa 11 sun fi sauran fama da ciwon damuwa da fargaba suna da shekara 45, kuma tasirin bai gushe ba har suka kai 50. Idan kika ga ya daina cin abinci, ya janye daga kowa, yana jikkata kansa, ko ya furta cewa gara ma ba ya duniya, kada ki jira taron makaranta. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar ba ta sa wa yaro tunanin, sannan ki kai shi wurin likita a ranar.

Su ma yaran uku ina tausayinsu, ko da yake na san a yanzu zuciyarki ba ta kai nan ba. Olweus ya bi sawun samarin da aka sani da cin zali a ƙananan azuzuwan sakandare, ya samu kusan kashi 60 cikin 100 nasu kotu ta taɓa kama su da laifi kafin su wuce shekara 24. Tsawatar musu yanzu gata ne. Amma tsawatarwa ba ita ce a tara makaranta a zane su ba. Yaron da aka daka a gaban jama'a ya ƙara tabbatar da abin da ya riga ya yi imani da shi, cewa mai ƙarfi shi ke yin yadda ya so, kuma ya san a kan wa zai huce. Kora nan take ma ba ta cika gyara ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta duba tsarin korar ɗalibai ba sani ba sabo, ta kuma bayyana a 2008 cewa babu hujjar da ta nuna ya sa makarantu sun fi zama lafiya. Abin da ke aiki shi ne hukunci mai tabbas wanda ya dace da laifin: su biya abin da suka ƙwace da abin da suka yaga, a janye musu wata dama, a riƙa bibiyarsu, a kuma bincika ko wani daga cikinsu shi ma ana dukansa a wani wuri. Malamai su ma su duba kansu. Malamin da ke kiran ɗalibi da sunan tsokana don aji ya yi dariya ya riga ya nuna wa yara wanda ya halatta a taɓa. Haka makarantar da ta miƙa wa manyan ɗalibai ikon hukunta ƙanana ba mai duba su, musamman a ɗakunan kwana da dare.

In kun yi duk wannan makarantar ta ci gaba da cewa faɗan yara ne, ku rubuta takarda zuwa hukumar da ke sa ido a kanta, ku haɗa da bayanan da kika tara. In an ji masa rauni, ko an nuna masa makami, ko an taɓa shi ta hanyar lalata, wannan ya wuce hurumin makaranta, laifi ne da ake kai wa hukuma, kuma kada ya koma sai an tabbatar da tsaronsa. Sauya makaranta shi ne mataki na ƙarshe, domin yakan sa yaro ya ji shi aka kora, su kuma ukun su nemi wani. Amma idan shugabannin sun ƙi motsi kuma lafiyarsa na tafiya, ku cire shi. Ku gaya masa a fili cewa makarantar ce ta gaza, sannan ku sanar da sabuwar abin da ya faru tun ranar farko, domin su sa masa ido a makonnin da yake neman abokai.